Ɗakin da Na Taya a Bakin Teku

Yayata ce ta ɓata ni, in dai ɓatawa ce. Tana da akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado cike da littattafan soyayya, wasu ta saya a kasuwa, wasu ta aro ba ta mayar ba. Da aka kai ta gidan miji sai ta bar mini akwatin, wai in ajiye mata. Kafin shekara ta zagayo na karance su kaf, wasu har sau uku. A cikinsu na koyi cewa idan an ɗaura aure, ango kan ɗauki amaryarsa ya kai ta wani gari mai teku, su sauka a ɗaki mai farin labule, iska tana kaɗa shi, wani mai farar riga ya ƙwanƙwasa ƙofa da faranti a hannu. Ban taɓa lura ba cewa a waɗannan shafukan babu gwaggo ko ɗaya.

Ina koyarwa a wata firamare a Bagudo lokacin da na fara neman aure a Kaoje. Mahaifin yarinyar manomin shinkafa ne, gonarsa a fadama. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci nakan hau babur in ƙetare gada, in isa kafin la'asar ta yi sanyi. Ni mutum ne da magana ke cika masa baki idan yana shi kaɗai, amma da na zauna gabanta sai duk ta gudu. Wata rana mun yi shiru mai tsawo, tana wasa da bakin gyalenta, sai ta ce:

"Malam, wai da gaske akwai ruwan da ba a hango gaɓarsa ta can?"

Na ce akwai, teku ke nan. Na ce akwai shi a Kwatano, in an bi ta iyakar nan tamu aka yi kudu har ƙasa ta ƙare. Sannan bakina ya riga ni, na ce, "Zan kai ki ki gani."

Ta yi dariya ta rufe fuska. Ni kuwa na koma gida da wannan magana a ƙirji kamar wanda aka ba ajiya.

Bayan an sa rana, wani malami da muke aiki tare ya nuna mini wani shafi a intanet inda ake gwanjon ɗakunan otal. Ba ka zaɓar otal ɗin. Gari za ka zaɓa da unguwa da ranakun da kake so, sannan ka faɗi abin da za ka iya biya. Idan wani otal ya yarda, nan take a cire kuɗin daga katinka, sai a lokacin za a gaya maka sunansa. Abin ya burge ni, don tamkar kasuwar dabbobi ne. Na zaɓi Kwatano, bakin teku, kwana uku. Na taya, aka ce albarka. Washegari na ƙara, aka sake cewa albarka. A rana ta uku, a lokacin tara, ina zaune kan tebur a aji yara sun fita, na zuba duk abin da na daɗe ina tarawa a gefe, wanda ba na lefe ba ne ba kuma na gyaran ɗaki ba. Wayar ta yi ɗan jim, sai ga saƙo an sallama.

Na ga jan rubutun da ke ƙasa, ba zan ce ban gani ba. An rubuta da Turanci cewa ba a mayar da kuɗi, ba a sauya rana, ba a sauya suna. Na karanta na gane. Amma ni ɗan kasuwar ƙauye ne a zuciya. Tun ina yaro nake jin mai saniya yana rantsuwa cewa in an tafi ba a dawowa, kuma tun ina yaro nake ganin ana dawowa da dattijo guda, a yi gaisuwa, a ce a yi wa Allah, a warware ciniki. A wurina jan rubutun nan irin wannan rantsuwar ce.

Ɗaurin aure Asabar, kai amarya Lahadi. Na tsara mu tashi Litinin da sassafe, mu kwana a hanya, Talata muna jin iskar teku. Ban gaya wa kowa ba. A littattafan ma ba a faɗa, sai dai amarya ta ga mota a ƙofar gida.

Saura mako uku biki na je gaida gwaggona, yayar mahaifina, wadda ita ce ke riƙe da duk al'amarin mata tun rasuwar mahaifiyata. Na same ta tana auna gero a tsakar gida. Ɗanta, wanda yake abokin wasana, yana gefe yana ɗaure birkin babur ɗinsa. Shi kabu-kabu yake yi tsakanin nan da ƙetaren iyaka. Daɗi ya ɗebe ni na faɗa musu shirina.

Gwaggo ta ajiye mudu.

"Mi ka ce? Wace Litinin?"

"Ta bayan kai amarya, Gwaggo."

"Ɗiyar mutane da aka kawo jiya, ita za ka ɗauka ka fita ƙasa da ita? Kai ɗan nan, a ina aka haife ka? Kwana bakwai ba ta taka ƙofar gida. Dangi za su zo ganin ɗaki, su ga wa? Ƙawayenta su zauna da wa? Ranar buɗar kai kan wa za a buɗe, naka?"

Na ce kwana uku ne kawai, kuma na riga na biya.

"Kuma akwai tsohuwar da za su turo ta zauna da ita, ƙanwar kakarta. Ita ma otal ɗin za ka kai ta?"

Abokin wasana ya saki sifana ya kwanta a ƙasa don dariya. "Ubangidana ya yi gwaninta! A kama wa tsohuwa ɗaki na kusa, a kai mata goro a faranti!"

"Rufe mini baki, bawa," na ce, amma muryata ba ta fita da ƙarfi ba.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na san al'adar nan. Da idona na ga yayata ta yi kwanakinta bakwai a lulluɓe, ni na riƙa kai mata kwanon abinci daga gida. Amma ranar da nake taya ɗaki, ko kusa abin bai zo mini ba. Auren da ke cikin kaina daban, wanda ake shiryawa a tsakar gidanmu daban, ban taɓa ɗora ɗaya kan ɗaya in gani ba.

Gwaggo ta ga fuskata ta sassauta. "In suka ji a Kaoje, cewa za su yi mun ga wani aibu gare ta muka ɓoye ta. Je ka ce su ba ka kuɗinka. Ka ce lalura ta taso. Su ba mutane ba ne?"

Nan na fara neman mutanen. A shafin akwai wurin fasawa, amma nawa ya yi fari fat, ko an danna ba ya motsi. Na rubuta musu wasiƙa mai tsawo da Turancin da na fi ji da shi, na fara da gaisuwa, na yi bayanin aure da kwana bakwai da tsohuwa. Kafin in ajiye wayar amsa ta dawo, ana gode mini, ana tuna mini jan rubutu. Na gane ba mutum ne ya karanta ba. Na kira lambarsu, wata murya ta yi ta aika ni in danna ɗaya in danna uku, katin wayata yana ƙonewa. Sai a kira na huɗu na samu mace mai rai. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce ta taya ni murna, ta ce ta yi baƙin ciki ƙwarai. Na ce to ko rana ce a matsar mini da mako ɗaya, ba kuɗi nake nema ba. Ta ce irin wannan ciniki ko ita ba ta da ikon taɓa shi. Na ce a haɗa ni da babbansu. Ta ce babban ma abin da zai faɗa ke nan. Na tambaye ta ko akwai ofishin da zan je da ƙafata, don a raina na riga na zaɓi dattijon da zan tafi da shi. Ta ce ba su da ofishi a ƙasarmu.

Kwana biyu ina koyar da yara ban san me nake faɗa ba. Ba asarar kaɗai ke cina ba. Na san ba zan iya tara irin wannan a karo na biyu ba nan kusa, ga gida zan riƙe. In ɗakin nan ya tafi, maganar da na yi mata ta tafi ke nan.

Abokin wasana ne ya zo da shawara. "Ka bar waɗancan, aljanu ne, ba su da gida. Otal ɗin kuwa yana da ƙofa, akwai mai zama bakinta. Mu kira su."

Na ce layina ba zai ɗauki kiran waje mai tsawo ba, kuma ba na jin Faransanci.

"Shi ya sa Allah Ya ba ka bawa. Ina da layin can, amma ba ya kamawa sai mun matsa iyaka. Ka sha mini mai."

Ranar Asabar da hantsi muka ƙetare gada, muka wuce Kaoje ba mu tsaya ba, na sunkuyar da kai kada wani ya gane ni. Kusa da iyaka akwai wani tudu da wata rumfar mai shayi, nan masu babura ke tsayawa su sauya layi. Ya zare wancan ya sa wannan, ya ɗaga wayar sama yana juyi har ta kama. Babura suna ta wucewa da buhuna, masu canji suna kaɗa sefa a hannu.

Mace ce ta ɗauka. Ya fara da Faransancinsa na tasha, yana yi yana haɗawa da hannu kamar tana ganinsa. Bai yi nisa ba ta katse shi da wata tambaya, sai na ji ya koma Dendanci yana washe baki. Ashe 'yar arewacin can ce, garinsu bai fi tafiyar rabin yini daga inda muke tsaye ba, aiki ne ya kai ta kudu. Ya miƙo mini wayar. "Tana jin Hausa. Yi mata kukanka da kanka."

Na gaishe ta, na faɗi sunana, ta duba ta ce ga shi nan, kwana uku, ɗaki na sama mai kallon ruwa. Na yi mata bayani tun daga farko.

"Tsaya, ƙanena," ta ce. "Ranar Lahadi za a kawo ta, kai kuma ka kama ɗaki Talata?"

"Haka ne, Yaya."

"Ba ka da uwa ne?"

"Ta rasu. Gwaggo gare ni."

"Allah Ya jiƙanta. To gwaggon ba ta mare ka ba?"

"Saura kaɗan."

Ta yi dariya har da tari. Ta ce ita ma ta yi nata kwana bakwai, kuma da mijinta ya zo mata da zancen otal a lokacin da ta ce a mayar da ita gidansu. Sannan ta yi mini bayanin da ba wanda ya yi mini. Kuɗina ba ya hannunsu, yana wurin masu gwanjon, sai ranakun sun wuce za a ba su rabonsu. Ba za su iya mayar da abin da ba su karɓa ba. Amma ta ce in ba ta sa'a ɗaya, za ta shiga wurin mai otal ta roƙa a matsar da ranar ta bayan fage.

Muka zauna a rumfar. Abokin wasana ya sha shayi kofi biyu da burodi a kaina. Na zauna ina kallon hanyar da ta miƙe kudu, ina raya cewa ga mu a mota, ta jingina da taga, gyalenta yana tashi.

Da matar otal ta kira, tun daga sallamarta na san amsar. Mai otal ya ce farashin da aka sallama mini na ranakun da ba kowa ne, makon da nake so kuwa ɗakunan duk an kama. Na ce ko wata mai zuwa. Ta ce ta tambaya, ya ce in an yi wa ɗaya sai an yi wa kowa.

Abokin wasana ya sa baki kusa da wayar. "Hajiya, to ni in zo in kwanta masa mana, kada gado ya yi asara."

"Sai mai sunan, da katin shaidarsa," ta ce. "Kai kuma daga jin muryarka za ka cinye mana abincin safe na mutum biyu." Sannan ta dawo kaina. "Ƙanena, ka yi haƙuri. Na yi iyakar yina. Amarya ta sani?"

Na ce a'a.

"Je ka gaya mata. Kada ta ji a bakin mata ranar biki."

A hanyar dawowa muka tsaya Kaoje. Ba ranar zuwana ba ce, ta fito da mamaki, hannunta da ɗanyen lalle an fara yi mata na gwaji. Abokin wasana ya ja babur ya koma gindin bishiya, ya ba mu baya, amma na san kunnensa yana wurinmu.

Na faɗa mata komai ina kallon ƙasa. Na yi zaton za ta yi kuka, don a littattafan nan ne wurin kuka. Da na ɗago sai na ga ta danne baki da bayan hannu, kafaɗunta suna rawa.

"Malam," ta ce da ta samu numfashi, "kai yanzu da an bar ka, sai ka raba ni da kwanakina bakwai?"

Na ce teku zan nuna mata.

"Tun ina 'yar shekara tara nake korar tsuntsu a gonar shinkafa. In na dawo in yi daka, in ɗebo ruwa. A duk rayuwata kwana bakwai ɗin nan ne kaɗai za a dafa a kawo mini ina zaune, ba mai cewa tashi. Tun bara nake ƙirga su. Ruwa kuma ai na gani. Sau biyu yana shigo mana har ɗaka."

"To me ya sa kika tambaye ni?"

"Kai ne ka yi shiru, na rasa abin cewa."

Daga gindin bishiya aka yi wani tari da ba na Allah da Annabi ba.

Na ji kamar ƙasa ta buɗe in shige. Ita ma ta ga haka, dariyar ta tsaya. Ta daɗe tana duban lallen hannunta.

"Duk wannan wahalar a kan maganar da ni na manta na yi?" ta ce a hankali. "Kada Baba ya ji. Tun da ruwa ya ci gonar bara yake zancen injin ban ruwa don noman rani, in ya ji inda kuɗi suka tafi ba zai gane ba. Ni na gane." Ta miƙe za ta shiga gida, sai ta juyo. "Ɗakin yana da kyau?"

"Na sama ne. Yana kallon ruwa."

"To Allah Ya ba mai rabo."

Aka ɗaura aure Asabar, aka kawo ta Lahadi, da tsohuwar da tabarmarta da ƙullin goronta. Talata ta zo ina zaune a zaure da abokai ana ta shigowa yi mini murna. Ina amsawa, amma rabin hankalina yana wani ɗaki da aka gyara, aka shimfiɗa zanen gado, ba wanda zai shiga.

Laraba da hantsi sai ga abokin wasana ya faɗo zaure ko sallamar kirki babu, waya a hannu. Ya kai fasinja iyaka da safe, da ya sa layin can sai saƙon murya ya shigo. Ya ja ni har ƙofar ɗakin amarya. Shi da yake abokin wasa ya kutsa kai ciki, ni na tsaya a bakin ƙofa. Gwaggo tana ciki, da tsohuwar, da amarya a kan gado cikin lulluɓi, kwanoni uku a gabanta.

Ya kunna. Muryar matar otal ce.

"Ƙanena, ina cikin ɗakinku. Na ce a bar shi yadda yake, tunda an biya. Ga shi na buɗe taga. Ba wa amarya ta ji."

Sai wata ƙara ta cika ɗakin. Tana tasowa daga nesa, ta yi ƙarfi, ta fashe, ta ja da baya kamar ana jan tabarma a kan yashi, kafin ta ɓace wata ta taso.

"Wayar ta lalace," in ji Gwaggo.

"Ba lalacewa ba ce," in ji tsohuwar, ta daina tauna goro. "Ruwa ne. Amma wanga ruwa ba ya wucewa, zuwa yake yana komawa. Wane irin ruwa ne ba shi da inda za shi?"

Hannu kawai amarya ta fito da shi daga cikin lulluɓi, abokin wasana ya ɗora mata wayar. Ta shigar da ita ciki ta kara a kunne. Da saƙon ya ƙare na ji ta sake kunnawa.

Gwaggo ta kore mu, ta ce ango ba shi da aiki a ƙofar ɗaki da rana tsaka. Na juya zan tafi sai na ji muryar amarya daga cikin mayafi, ƙasa ƙasa, wai da abokin wasana take, amma ta san ina ji.

"Kwana uku aka ce ubangidanka ya biya ko?"

"Uku cur, amarya."

"To a tura mini a tawa wayar. Gobe ma akwai saura."